Jirgi Na Bakwai

Gwangwanin ya shigo ma'ajiyar kayan tarihi ta Dhaka ne cikin tarkacen wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya rasu, 'ya'yansa suka rasa yadda za su yi da kayansa, suka kwaso suka jibge musu. Tofazzal ne ya karɓa, don shi ke riƙe da rumbun kwamfuta, duk abin da ya shigo sai ya ba shi lamba. Yana ɗaga murfin wani warin tsami ya doke shi har sai da ya kau da kai. Naɗin fim ne a ciki, ya yi laushi ya manne da juna. A jikin murfin, da tawadar da ta koɗe, an rubuta: Tseren jirage, Dhulkandi, 1969. Ya karanta sau uku, sannan ya jawo kujera ya zauna.

Dhulkandi garinsu ne, ko kuwa a ce a da, don kogin Jamuna ya cinye shi tun Tofazzal yana saurayi, har masallaci da maƙabarta. Ubansa Kolimuddin, matuƙin kwale-kwale, ya rasu wata biyu kafin a haife shi, bai bar ko hoto ɗaya ba. Shekara hamsin da huɗu Tofazzal yana duniya, abin da ya sani na fuskar ubansa bai wuce abin da mahaifiyarsa, wadda yake kira Amma, ke faɗa ba. Ita kuwa Amma yau ta ce dogon hanci gare shi, gobe ta ce ai hancinsa sak irin na Tofa ne, wanda duk Dhaka an san a baje yake.

Ya kira ta a waya a Sirajganj. Tsohuwar da ke manta inda ta ajiye tabaraunta alhali yana kan hancinta, sai ga shi ta tuna ranar tsaf. Ta ce an yi wani mutum mai akwati mai ƙafa uku a kan jirgin babban jami'i, yana murza wani hannu. Jirage bakwai ne suka yi tsere, mutumin kuma bai motsa ba sai da kowanne ya wuce ta gabansa, har yaran gari suna yi masa dariya wai ya tsaya jiran na ƙarshe.

"Babanka ne na ƙarshen," in ji ta. "Ko a cin abinci shi ne na ƙarshe. Yana can baya riƙe da sanda, ya ɗaura jan ƙyalle a ka. Da suka zo wucewa ya juyo ya yi wa mutumin dariya, kamar shi ya ci tseren."

Ta ce za ta zo. Ya yi ta faɗa mata hanya da nisa, ga damina, ga ƙafarta. Sai da ya gama ta tambaye shi motar ƙarfe nawa ta fi samun wurin zama.

Na'urar da ke mayar da tsohon fim cikin kwamfuta ba tasu ba ce. Aro ce, tana yawo daga wannan ma'ajiya zuwa waccan da mai kula da ita, Bipul, wani siririn mutum mai tari wanda ba ya magana sai dole. Ran Laraba da yamma za a naɗe ta a wuce Sylhet. Bipul ya duba naɗin da safar hannu, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce zai sa shi kwana biyar cikin akwatin turiri don ya saki jiki, daga nan sau ɗaya tak zai iya bi ta cikin na'ura, domin fatar da hoton ke kai tana wucewa za ta saɓule. Kuma in an fara ba tsayawa. In aka ja shi bai ɗaya, sannu, ba fizga, zai warware. In na'ura ta tsaya tsakiya, abin da ya rage a naɗe zai kama juna, hoton ya bi bayan ɗan'uwansa. Wurin da ya fi ruɓewa shi ne can ciki, ƙarshen fim ɗin.

Tofazzal ya ce to, aikinsa dai shi ne samar da wurin da hotunan za su sauka, wannan kuwa a bar masa.

Rumbun nan shi ya gina shi da hannunsa shekara tara da suka wuce, faifai goma sha biyu ya haɗa suka zama ɗaya, yadda ko biyu sun mutu rana guda ba abin da zai ɓata. Irin rumbun nan ne da ba ya taɓa rubutu a kan tsohon rubutu. Ko harafi ɗaya ka gyara, sai ya nemi sabon gurbi ya rubuta, ya tabbatar ya zauna, sannan ya saki tsohon. A garin da ake ɗauke wuta sau huɗu kafin azahar, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, kuma Tofazzal yana son rumbun so na gaskiya, har matarsa takan ce da ana aurar da faifai da tuni ya kai gaisuwa. Yana da al'ada: duk ran Alhamis, kafin a tashi hutun mako, sai ya yi shara. Yakan bar rumbun ya cika maƙil, sannan ya bi shi lungu-lungu yana tsince ƙananan abubuwa, wasiƙar da aka ɗauka sau biyu a nan, ɗan hoton gwaji a can, tsoffin bayanan aiki, har sai lambar sarari ta dawo inda yake so. Shekara tara bai taɓa roƙon shugabanni su ƙaro masa faifai ba, kuma yana alfahari da hakan a gaban kowa.

Ran Litinin ya yi sharar da ta fi ta kullum. Tun safe har la'asar yana kan kujera, ko shinkafar da ya zo da ita bai buɗe ba, ya share ƙananan fayil sun fi dubu ɗari huɗu. Sarari ya tashi daga terabayit shida zuwa tara. Fim ɗin gaba ɗaya rabin terabayit yake bukata. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya kira Shiuli ta zo ta gani.

Shiuli ita ce ɗaya ma'aikaciyar ɗakin, shekararta uku a wurin, ta zo da digiri biyu da wani halin da Tofazzal bai saba da shi ba, na karanta kowace lamba a allo har waɗanda ba a tambaye su ba. Ta leƙa, amma ba inda yake nunawa ta duba ba. Ta ɗora yatsa a kan lambar da ke gefe, wadda ke faɗin yadda abu ya gutsuttsure. Kashi tamanin da ɗaya.

Ya ce ya san da ita, ya daɗe yana ganinta. Wai ai fayil ɗin ne suka warwatsu, kuma shi bai taɓa buɗe wani ya ƙi buɗuwa ba.

"Tofa bhai, ba maganar abin da ke ciki take yi ba. Maganar wurin da babu komai take yi."

Ta ce ya tuna jirgin ruwan Barisal ana gobe Salla. In ka bi da ma'auni ka haɗa ɗan filin da ke tsakanin ƙafar wannan da buhun wancan, da bayan kwandon kaji, da gefen matattakala, wallahi za ka tara filin da ya kai ɗaki guda. Amma je ka da tabarma ka ce za ka shimfiɗa. Haka sararinsa yake. Kowane ɗan fayil da ya share ya bar ɗan rami daidai girmansa a inda yake, rumbun kuma da yake kullum sabon gurbi yake nema, ya bi manyan filayen ya cinye tun tuni, ya bar ramuka. Yanzu in aka turo masa hoto ɗaya babba, sai ya yayyanka shi ɗari, ya yi ta yawo yana neman inda zai cusa kowane yanki. Wasiƙa ɗaya ba za ka ji ba. Hoto takwas a kowace daƙiƙa har minti arba'in, zai gaji a hanya.

Tofazzal ya tambaye ta, da murmushin da ba ta so, mene ne maganin, malama.

Ta ce magani na gaskiya shi ne a kwashe komai zuwa wani rumbu, a rushe wannan a sake ginawa, kwana tara in wuta ta yi kirki. Tunda babu kwana tara, akwai sabon faifai guda a kabad, irin mai saurin nan, ko ledarsa ba a cire ba, fili ne fetal daga farko har ƙarshe. A sauke fim ɗin a kansa, daga baya a kwafe cikin rumbu a tsanake.

Nan ne fa ta taɓo inda ke masa ciwo. Shekara goma sha uku baya, kafin rumbun, Tofazzal ya taɓa ajiye muryoyin wasu tsoffin mawaƙan kogi su goma sha ɗaya a kan faifai guda, da niyyar gobe ya kwafe. Da gari ya waye faifan ya yi ƙas, ƙas, ya mutu. Kafin a sake shirya tafiya, bakwai daga cikin mawaƙan sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga ranar ya kafa doka, har ya buga ta ya liƙa a ƙofa: ba a ajiye komai a faifai tilo, ko na minti ɗaya. Ya hukunta mutane a kanta. Ya taɓa hana wani farfesa shiga ɗakin saboda ita. Yanzu a ce fuskar ubansa, wadda sau ɗaya za ta wuce, ya ɗora ta a kan faifai ɗaya da bai taɓa gwadawa ba, alhali ga goma sha biyu da suka yi shekara tara ba su ci amanarsa ba? Ya ce wa Shiuli tana jami'a tana haddace sunayen abubuwa lokacin da shi yake binne faya-fayan da suka mutu.

Ta ce to a gwada.

Ran Talata suka gwada da wani guntun fim mai lafiya, na minti biyu. Ya shige sumul, ko gezau. Tofazzal ya aika aka kawo shayi da singara, ɗan soyayyen fulawa mai dankali a ciki, har da na Bipul. Shiuli ta ce minti biyu ba gwaji ba ne, kwamfutar tana da cikin da take tara abu kafin ta rubuta, kuma akwai sauran 'yan manyan ramuka da za su ɗauki farkon aikin, matsalar sai sun ƙare. A yi na minti arba'in. Bipul ya ce fitilar na'urar tana da awoyinta, ba zai ƙona su a kan wasa ba, ga naɗi shida na ma'ajiya suna jiransa kafin gobe. Aka duba Tofazzal, don shi ne babba a ɗakin. Shi kuwa, a gaskiya, tsoro ne ya cika shi, kuma in tsoro ya kama mutum irinsa sai ya rungume abin da ya saba. Ya ce a rumbu za a sauke.

Mahaifiyarsa Amma ta iso ran Laraba da hantsi, jiƙe sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa, da ƙullin pitha, wainar shinkafa, da ta soya wa mutanen ofis da ɗan akwatin ganyen pan ɗin da take taunawa. Ta ɗaura farin zanen sari mai bakin shuɗi wanda ba ta fito da shi sai biki. Warin ɗakin na'ura ya sa ta tari, sai Shiuli ta kai ta baranda ta ba ta kujera, ta kira ta Khalamma, wato inna, ta ce ta zauna nan, in an gama za a nuna mata a babban allo. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta tambaye ta ko tana da miji, da ta ji babu ta ce madalla, ta huta.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata Bipul ya fito da naɗin daga akwatin turiri, ya ɗora, ya yi wata 'yar addu'a tasa a ciki, ya danna.

Kogi ya fito a ƙaramin allo, fari da baƙi, ya fi yadda Tofazzal ya san shi ƙanƙanta. Ga gaɓa cike da mutane da lema. Ga bishiyar rimin da Amma ke ba da labari, ga rufin kwanon masallaci. Tofazzal ya dafa tebur. A ɗaya gefen na'urar fim ɗin da ya riga ya wuce yana fita yana zubar da fatarsa a tire, kamar ɓawon gyaɗa. Jirgi na farko ya wuce, dogo, mutum talatin suna tuƙi, mai ganga a tsakiya. Na biyu da na uku suka wuce kusan tare.

Shiuli ba ta kallon kogi. Tana kallon wani layi a nata allon, wanda ya fara a sama ya miƙe, sannan a minti na ashirin da biyu ya soma gangarowa. Faya-fayan da ke cikin kabad ɗin ƙarfe suka canza murya, daga zuuu ɗin da aka saba zuwa wata ƙara kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa. Ta kira sunansa a hankali. Ya zo ya tsaya bayanta. Cikin kwamfutar yana cika, kashi arba'in, kashi sittin. Ta kashe duk wani aikin da ke taɓa rumbun, ta cire wayar ofisoshin sama ba tare da ta tambayi kowa ba. Layin ya ɗan ɗaga kai, ya sake faɗuwa.

Tofazzal ya ce a juya shi zuwa sabon faifan, yanzu, yanzu. Ta ce ba a canza wurin sauka sai an tsayar da na'ura. Ya ce wa Bipul ya rage gudu. Bipul ya rage iya abin da fim ɗin zai jure, ya ce ƙasa da haka zai bushe a ƙarƙashin fitila. Sai Tofazzal ya ja allon rubutu gabansa, ya soma share wasu fayil don ya ƙara sarari, abin da hannunsa ya saba yi duk Alhamis. Shiuli ta kama wuyan hannunsa ta riƙe. Ta ce shara ma rubutu ce a wurin rumbun nan, aiki yake ƙara masa.

Jirgi na biyar ya wuce. Na shida ya zo a gajiye, masu tuƙi suna ta faɗa da juna. Mai ɗaukar hoton ya bar akwatinsa a kan ruwa, yana jira, kamar yadda Amma ta faɗa.

A minti na talatin da shida cikin kwamfutar ya cika maƙil, na'urar ta yi ƙara ɗaya ta tsaya cak. Fim ɗin ya fizga ya tsinke.

Bipul bai zagi kowa ba, da ma ya zaga da ya fi sauƙi. Ya sunkuya da ɗan hantsaki ya yi kusan awa yana lallaɓa abin da ya rage, wanda bai fi faɗin tafin hannu ba. Duk zagayen da ya ɗaga, sai leda ta taso fara tas, hoton ya zauna a bayan na ƙasa, baƙi ƙirin, ya dame. Ya ɗaga wani guntu ga haske, ya juya shi, ya ajiye. Daga nan ya cire safar hannunsa ya ce motar Sylhet ƙarfe huɗu za ta zo.

Shiuli ta tattara abin da ya sauka. Duk hoton da ya kai ga rumbu yana nan lafiya, ko ɗigo bai ɓata ba, rumbun bai ci amana ba a nan. Ba ta ce ai na faɗa ba. Shi ne da kansa ya ce ta nuna masa. Ta buɗe taswirar sararin, allon ya cika da ɗige-ɗige farare birjik, ba wuri ɗaya da ya kai a ɗora yatsa. Ya daɗe yana kallo. Ya gane su, Alhamis ɗinsa ne na shekara tara, da Litinin ɗin da ya ƙi cin abinci. A saman allon lambar da yake alfahari da ita tana nan, terabayit takwas da rabi babu kowa a ciki.

Ya fita baranda. Amma ta raba pitha ga mai gadi da masu shara, ta ajiye masa biyu a ganye. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya rasa ta inda ake fara faɗa wa tsohuwa cewa wuri yana nan da yawa amma babu wuri. Ta riga shi, ta ce an gama? Ya ce an gama. Ya kama hannunta ya kai ta ɗakin babban allo, Shiuli ta rufe labule.

Tsohuwar ta yi ta kiran sunaye. Ga gidan su Moyna, ga matattakalar da take wanki, wancan mai lemar kawun Tofa ne, ɓarawon awaki, Allah ya jiƙansa. Ta yi dariya har da hawaye da jirgi na shida ya zo ana faɗa. Sannan ruwa ya zauna shi kaɗai a allo, yana ƙyalli. Ta gyara mayafinta, ta goge bakinta da gefen sari, ta matso gaban kujera.

Daga hannun hagu hancin wani jirgi ya leƙo, siriri, da zanen kifi a jikinsa. Ya shigo kamu ɗaya, kamu biyu, ga kan mai tuƙi na farko. Hoton ya tsaya a nan.

"Ga su nan," in ji Amma. "Kifin nan shi ya zana da hannunsa. Yana can baya."

Ana jin ruwan sama a kan kwano, da ƙarar akwatunan Bipul da ake ja a ƙasa zuwa mota. Shiuli ta tashi ta fita a hankali ta ja ƙofa.

"Amma," in ji Tofazzal.

Ta ɗan bubbuga gwiwarsa ba tare da ta ɗauke ido daga allon ba.

"Kai dai ka cika gaggawa, baba. Na faɗa maka mutumin nan ba ya sauri. Zauna mu jira shi."

Ya zauna.